Saifar Da Ba Ta Jin Maganin Zazzaɓi: Alamomin Cutar Goshe

Kumburin saifa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Da wuya a sami unguwa ko ƙauyen da ba a taɓa cewa saifa ce ke damun wani yaro ba, kuma galibi abin da ke jawo hakan sananne ne: zazzaɓin cizon sauro da ya yi ta kai-komo a jiki, ko amosanin jini wanda aka fi sani da sikila, ko kuwa wani jinsin tsutsar tsargiya da ke zama a jijiyoyin hanji. Saboda haka idan likita ya laluba ƙarƙashin haƙarƙarin hagu ya ji saifa ta sauko, waɗannan ne ke fara zuwa masa a rai, kuma sau tari yana da gaskiya.

To amma akwai wata saifar, ɗaya cikin dubbai, wadda za a yi wata da watanni ana ba mai ita maganin zazzaɓi ba ta ko motsa ba. A auna jinin yaron a ga ba shi da sikila, alhali kuwa yana kwana kuka da ciwon ƙashi tamkar mai ita. Ga haɓo a kai a kai, ga rama, ga ciki ya yi tulu, ga shi kuma sa'o'insa duk sun fi shi tsawo. Ɗaya daga cikin cututtukan da ke yin irin wannan shigar burtu ita ce cutar Goshe. Cuta ce ta gado, wadda wani irin maiƙo ke taruwa a cikin ƙwayoyin halittar jiki saboda an rasa sinadarin da zai farfasa shi. Ƙiyasin da masana ke bayarwa shi ne tana samun jariri 1 cikin kowane 40,000 zuwa 60,000. Abin da ya sa ta cancanci a san ta, duk da ƙarancinta, shi ne tana da magani idan an gane ta, kuma wasu daga cikin abubuwan da akan yi wa mai saifa a gida da asibiti suna iya yi wa mai ita illar da ba ta gyaruwa.

Asalin sunan

A shekarar 1882 wani ɗalibin likitanci a birnin Paris na ƙasar Faransa, mai suna Philippe Gaucher, wanda Faransawa ke furta sunansa Goshe, ya rubuta kundin neman digirinsa a kan wata mata 'yar shekara 32 da ta rasu da ƙatuwar saifa. Da ya duba naman saifar a madubin likita sai ya tarar cike take da wasu manya-manyan ƙwayoyin halitta waɗanda bai san irinsu ba. Ya zaci wani nau'in sankara ne. Zaton bai faɗa daidai ba, amma siffanta ƙwayoyin da ya yi ta yi daidai, shi ya sa har yau ake kiran cutar da ƙwayoyin da sunansa.

Sai a 1934 wata masaniyar kimiyyar sinadarai a Faransa, Henriette Aghion, ta gano ainihin abin da ya cika ƙwayoyin, wato wani maiƙo mai suna gulukoserebrosaid. Aka sake shekara 31 kafin Roscoe Brady da abokan aikinsa a Cibiyar Nazarin Lafiya ta Ƙasa a Amurka su nuna, a 1965, cewa dalilin taruwar maiƙon shi ne raunin wani sinadari guda ɗaya tak. Shekara 83 ke nan tsakanin ganin cutar da sanin musabbabinta.

Ma'aikatan sharar jiki

Domin a fahimci alamomin cutar, tilas mu ɗan leƙa cikin jini. Kowace jar ƙwayar jini tana yin kimanin kwana 120 tana aiki kafin ta tsufa, wasu fararen ƙwayoyin kuwa ko mako guda ba su kaiwa. A kowane sakan ɗaya jikin babban mutum yana kawar da tsofaffin jajayen ƙwayoyi wajen miliyan 2, ya kuma ƙirƙiro wasu sababbi a madadinsu. Ina waɗannan matattun ke tafiya? Akwai wasu manyan ƙwayoyi da masana ke kira makurofaj, kalmar da a harshen Girkanci take nufin babban maciyi. Aikinsu shi ne haɗiye matattun ƙwayoyi da ƙwayoyin cuta. Ana samun su ko'ina a jiki, amma matattararsu uku ce: saifa, da hanta, da ɓargo. Mai karatu ya riƙe waɗannan wurare uku, domin kusan duk abin da zai biyo baya a kansu yake.

Abin da makurofaj ya haɗiye ba zubar da shi yake yi ba. A cikinsa akwai wasu 'yan ƙananan jakunkuna masu tsami da ake kira laisosom, waɗanda Christian de Duve na ƙasar Beljiyam ya gano a 1955, aikin da yana cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1974. Laisosom kamar maƙerar masu tukwanen alminiyom take, inda ake kawo tsofaffin gwangwanaye a narka a fitar da sabon abu. Kayan aikin wannan maƙera su ne sinadaran da ake kira inzayim, sun fi iri 50, kuma kowanne da abin da yake yankawa, ba ya taɓa na wani.

Tantanin da ya lulluɓe kowace ƙwayar jini da maiƙo iri-iri aka yi shi. Idan ana farfasa wasu daga cikin waɗannan maiƙo, mataki-mataki ake bi, har a zo kan gulukoserebrosaid, wanda ba komai ba ne illa maiƙo mai suna seramaid da ɗigon sukarin gulukos guda ɗaya manne a kansa. Inzayim ɗin da ke cire wannan sukari, mu kira shi almakashi, shi ne ya dakushe a jikin mai cutar Goshe. Galibi aikin da yake yi bai kai kashi 15 cikin 100 na yadda ya kamata ba. Shara tana ta shigowa dare da rana, almakashi ba ya ci, sai maiƙon ya yi ta jibguwa, makurofaj ya kumbura har faɗinsa ya kai ninki 10 na jar ƙwayar jini. A madubin likita cikinsa kan yi kama da takardar da aka cukuikuye aka sake warewa. Wannan ita ce ƙwayar da Goshe ya gani.

A nan ya kamata a kawar da wani zato. Jin an ce maiƙo, wani zai ɗauka cin kitse ko man shanu ne ke kawo cutar, ko kuma ƙaurace musu zai rage ta. Ko kusa. Jiki ne da kansa ke ƙera wannan maiƙo, kuma masu cutar da yawa ramammu ne.

Saifa da hanta

Saifar babban mutum lafiyayye ba ta wuce cikin tafin hannu ba, nauyinta giram 150 zuwa 200, kuma ɓoye take a bayan haƙarƙari yadda ba a jin ta da hannu. A cutar Goshe ninki 15 ba abin mamaki ba ne, an ma ga waɗanda suka ninka fiye da haka nesa, har saifa ta sauka ƙasan cibiya ta tsallaka ɓangaren dama. Sau da yawa ba ta ciwo, shi ya sa iyaye kan daɗe suna ganin tumbi ne kawai irin na yara. Abin da za a lura da shi shi ne yaro yana yin loma biyu ko uku sai ya ce ya ƙoshi, saboda saifar ta danne masa tumbi. Wani lokaci kuma jini kan yanke wa wani sashe na saifar, sai ciwo mai tsanani ya taso farat ɗaya a gefen hagu. Hanta ita ma takan girma, amma ba kamar saifa ba, galibi ninki ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma ba kasafai aikinta ke tsayawa ba. Tsakuwar matsarmama ta fi yawa ga masu cutar fiye da sauran jama'a.

Jini

Matsalar jini ta fuska biyu take zuwa. Ɓargo shi ne masana'antar jini, to ga shi ƙwayoyin Goshe sun mamaye wurin, sun takura ƙwayoyin da ke haifar da sabon jini. Sannan ƙatuwar saifa tana riƙe wanda aka samu aka yi. Ko a jikin lafiyayye saifa na ajiye kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙwayoyin da ke daskarar da jini, waɗanda ake kira filatilet. Idan ta kumbura ƙwarai tana iya tsare har kashi 90 cikin 100.

Ƙarancin jajayen ƙwayoyi shi ke kawo kasala, da haki in an ɗan yi gudu, da fari-fari a tafin hannu da cikin fatar ido. Ƙarancin filatilet kuwa, wanda a al'ada kan kasance tsakanin 150,000 da 450,000 a kowace mikrolita ta jini, shi ne ya fi zama alamar farko. Yaro ya riƙa haɓo ba tare da an buge shi ba, ba kuma a tsananin zafin bazara kaɗai ba. Dasashi ya riƙa jini in ana asuwaki. Ɗan ƙaramin bugu ya bar kwanciyar jini a ƙarƙashin fata, ko da yake wannan alama tana da wuyar gani a baƙar fata in ba an duba da kyau ba. 'Yan mata kan yi fama da jinin haila mai yawa, wasu matan kuwa ba a gane cutar sai ranar da suka haihu jini ya ƙi tsayawa.

Wannan batu na jini shi ne ya fi damuna game da yadda muke yi da mai saifa. Har yau a wurare da yawa tsaga ake yi wa yaro a kan saifar, ko a kafa masa ƙaho. Ga yaron da filatilet ɗinsa suka yi ƙasa, kowace tsaga ƙofa ce da ba lalle ta rufu da wuri ba. Haka kaciya, da cire beli, da cire haƙori. Haka nan shan asfirin da danginsa don ciwon ƙashi, domin waɗannan magunguna suna ƙara raunana 'yan filatilet ɗin da suka rage.

Ƙashi

Idan aka tambayi manyan da suka daɗe da wannan cuta abin da ya fi gallabar su, ƙashi ne, ba saifa ba. Ɓargo a cikin rufaffen bututu yake zaune, ba shi da wurin buɗawa kamar saifa. Idan ƙwayoyin Goshe suka cika shi sai matsi ya ƙaru, 'yan ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da ƙashi su shaƙe. Ban da haka, kumburarren makurofaj ba shiru yake zaune ba, yana fitar da sinadaran da ke ta da kumburi, suna kuma dagula daidaiton da ke tsakanin ƙwayoyin da ke gina ƙashi da masu rushe shi.

Ciwon iri biyu ne. Akwai na yau da kullum, mai nuƙurƙusa, a cinya ko ƙwauri ko baya. Akwai kuma mai tasowa gaba ɗaya, galibi ga yara da matasa masu tasowa: ƙashi guda, sau da yawa na cinya kusa da gwiwa, ya kama ciwon da ko taɓa wurin ba a iya yi, wurin ya kumbura ya yi zafi, jiki ya ɗau zazzaɓi, a yi kwanaki ko makonni a haka. Duk wanda ya taɓa jinyar mai sikila zai ce ai ya san wannan. Likita kuma zai iya zaton ƙwayoyin cuta ne suka shiga ƙashin, har a kai ga yanka wurin a nemi mugunya a rasa.

Mafi munin abin da ke faruwa shi ne mutuwar kan ƙashin cinya, wato dunƙulen nan da ke juyawa a cikin kwatangwalo. Jijiyoyin da ke kai masa jini ƙalilan ne. In suka toshe sai dunƙulen ya mutu ya lotsa, mutum ya soma ɗingishi, kuma babu maganin da ke mayar da shi yadda yake, sai dai a yi tiyata a sa na ƙarfe. Ƙasusuwa gaba ɗaya kan yi rauni, su karye a kan faɗuwar da ba ta isa karya ƙashi ba. A hoton ƙashi akwai wata alama da ɗaliban kimiyya za su gane nan take: ƙarshen ƙashin cinya na wajen gwiwa kan buɗe a hankali kamar kwalbar gwajin nan mai faɗin gindi da siririn wuya da ke ɗakin gwaje-gwajen kowace sakandare, kuma da sunan kwalbar likitoci ke kiran alamar.

Yaran da cutar ta kama da wuri girmansu kan yi jinkiri, balaga ma ta makara. Amma babu wani ƙayyadadden lokacin bayyanarta. Wani tun yana shekara 3 cikinsa ya fito, wani kuwa sai ya haura 60 a gano ta bisa katari wajen gwajin jini na wata larura dabam. An ma taɓa samun tagwaye masu kama ɗaya, ɗaya tana fama, ɗaya kuwa lafiya lau.

Idan ta taɓa ƙwaƙwalwa

Duk abin da aka faɗa a sama siffar nau'i na 1 ne, wanda ba ya taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma shi ne fiye da kashi 90 cikin 100 na masu cutar a Turai da Amurka. Akwai nau'i biyu da suka fi shi tsanani.

Nau'i na 2 na jarirai ne. Akan haifi jaririn kamar lafiya, amma tsakanin wata 3 da wata 6 sai a ga harara-garke, shan nono da haɗiya su yi wuya, numfashi ya riƙa ƙara, wuya ya sanƙare ya lanƙwashe baya, ga kuma saifa. Mafi yawansu ba su kaiwa shekara 2, kuma har yanzu babu maganin da ke tsayar da shi.

Nau'i na 3 a hankali yake tafiya, masu shi kan kai girma. Alamarsa ta farko a ido take, kuma malamin aji yana iya riga likita ganinta. Ƙwayar ido ba ta iya zabura da sauri daga dama zuwa hagu, saboda haka in an kira yaron daga gefe sai ya ƙifta ido ya fizgi kansa gaba ɗaya kafin idon ya biyo. Wasu kan haɗa da farfaɗiya, ko wahalar ɗaukar karatu, ko doro. Wannan nau'i ya fi yawa a Masar, da Indiya, da Japan, da kuma lardin Norbotin na arewacin ƙasar Suwidin, inda bincike ya nuna masu shi daga tsatso ɗaya suka gado shi ƙarnoni da suka wuce.

Kama da wane ba ta wane

Ta yaya za a rarrabe wannan cuta da waɗanda muka saba da su? Na farko dai sikila gwajinta sananne ne, kuma ana yin sa a kusan kowane babban asibiti. Yaro mai ciwon ƙashi da saifa wanda gwaji ya nuna AA ne ko AS, to amsar tana wani wuri, kada a ce ai AS ɗin ne ke damunsa a tsaya nan. Bayan haka saifar mai sikila a ƙuruciya take kumbura, yayin da yake girma galibi sai ta motse, ta mai Goshe kuwa gaba take yi.

Na biyu, akwai ƙatuwar saifar da zazzaɓin cizon sauro ke haddasawa idan garkuwar jiki ta wuce gona da iri wajen yaƙarsa. Likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, suna cikin waɗanda suka yi nazari mai zurfi a kanta a shekarun 1970. Ɗaya daga cikin ma'aunan gane ta shi ne idan aka ɗora mutum a kan maganin zazzaɓi na tsawon lokaci, saifar kan ragu sosai cikin kimanin wata 6. Saifar da aka yi wa haka ba ta ragu ba tana bukatar a sake lale. Ba Goshe kaɗai za a nema ba, domin sankarar jini da ciwon hanta sun fi ta yawa nesa ba kusa ba, amma ya kamata sunanta ya shiga cikin jerin abin da ake zargi, musamman in akwai wani ɗan'uwa mai irin alamomin.

Tabbatar da ita ba ya bukatar tiyata. Aikin almakashin nan ake aunawa a cikin fararen ƙwayoyin jini. Yanzu ma ana iya ɗiga jini a kan wata takarda ta musamman, a bar shi ya bushe, a aika da shi ɗakin gwaji ko da a wata ƙasa yake. Ganin ƙwayoyin Goshe a ɓargo kaɗai bai isa hujja ba, domin wasu cututtukan jini suna haifar da ƙwayoyi masu kama da su.

Akwai masu ɗaukar cutar a matsayin ta Yahudawa kawai. Gaskiya ne ta fi yawa a tsakanin Yahudawan da asalinsu Gabashin Turai da tsakiyarta ne, inda take samun kusan mutum 1 cikin 850. Amma an same ta a Larabawa, da mutanen Asiya, da baƙaƙen fatar Afirka ta Kudu. Idan aka ɗauki ƙiyasin nan na 1 cikin 60,000 aka auna shi da ƙasa mai mutum miliyan 200, lissafin takarda zai ba da fiye da mutum 3,000.

Lissafin gado

Umarnin ƙera almakashin yana rubuce ne a wani saƙon gado, abin da masana ke kira jin, mai suna GBA1, a kan kuromosom na 1. Kowane mutum yana da kwafi biyu, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Mai kwafi ɗaya lafiyayye da ɗaya gurɓatacce ba ya yin cutar Goshe, domin rabin almakashi ya isa aikin. Sai an gaji gurɓatacce daga ɓangarorin biyu. Tsarin dai irin na sikila ne: idan masu ɗauke da shi biyu suka yi aure, kowane ciki yana da damar 1 cikin 4 ta zuwa da cutar, kuma kowane ciki lissafinsa dabam, ba ruwansa da wanda ya gabace shi. Wannan kuma yana nufin babu hujjar ɗora wa uwa laifi, kamar yadda akan yi a wasu gidaje idan 'ya'yan mace ɗaya ne ke ciwo na kishiyoyinta kuwa lafiya. Rabin abin daga maigidan ya fito.

Ga wani lissafi da malamai za su iya bai wa 'yan aji. A ce mutum 1 cikin 100 ne ke ɗauke da gurɓataccen kwafi. Damar miji ya zama mai ɗauke da shi 1/100 ce, ta matar da ba danginsa ba ita ma 1/100, ta ɗan ya gaji duka biyun 1/4. In aka ninka su za a sami 1/40,000, daidai da ƙiyasin da muka fara da shi. Yanzu a ce 'yar baffansa ya aura. Damar kwafin nasa ta wajen uba ya zo 1/2 ce, damar baffan shi ma ya gada 1/2, damar ya ba 'yarsa 1/2, wato 1/8 ke nan. Lissafi ya koma 1/100 sau 1/8 sau 1/4, wato kusan 1/3,200. Haɗari ya ninka fiye da sau 12. A ɗaya gefen kuma, 3,199 cikin 3,200 sun kuɓuta. A ganina wannan lissafi bai isa a ce a daina auren zumunta ba. Inda yake da nauyi shi ne zuriyar da aka riga aka sami mai cutar, domin lafiyayyen wa ko ƙanen majinyaci yana da damar 2 cikin 3 ta zama mai ɗauke da kwafin. Irin wannan gida ya kamata su nemi gwajin saƙon gado kafin a sake ƙulla aure a tsakaninsu.

Magani

Kafin 1991 babban abin da likitoci ke yi shi ne cire saifar. Jini kan gyaru bayan tiyatar, amma shara ba ta daina zuwa ba, sai ta koma hanta da ɓargo, ciwon ƙashi ya ƙaru. Ga kuma haɗarin rayuwa ba saifa, wanda a ƙasar sauro ya fi na ko'ina, domin saifa tana gaba-gaba wajen tace jinin da zazzaɓi ya kama. Shi ya sa a yau ake son a kawar da zargin Goshe kafin a cire wa mutum saifar da ba a san dalilin kumburinta ba.

Brady ya yi tunanin tunda inzayim aka rasa, a nemo shi a zuba wa majinyaci. Ya tato shi daga mabiyiyar jarirai, ya gwada a farkon shekarun 1970, sakamako bai gamsar ba, saboda mafi yawansa wasu ƙwayoyin hanta ne ke kwashewa, ba ya isa wurin makurofaj. Dabarar da ta warware matsalar ita ce aske wasu sukari da ke jikin inzayim ɗin har wani mai suna manos ya bayyana. Makurofaj yana da mariƙin manos a jikinsa, da shi yake cafke wasu ƙwayoyin cuta, saboda haka sai ya haɗiye maganin da kansa ya kai shi laisosom, daidai inda ake bukatarsa. A 1991 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da maganin, mai suna Ceredase. Da yake majinyaci guda yana bukatar dubban mabiyiya a shekara, a 1994 aka fito da Cerezyme, wanda ƙwayoyin halittar wani irin ɓera da ake renonsu a manyan tankuna ke ƙerawa. A 2012 aka amince da wani da ake samu daga ƙwayoyin halittar karas. Akwai kuma na haɗiya, irin su eligulustat na 2014, waɗanda aikinsu rage ƙera maiƙon ne tun daga tushe.

Ana ba da inzayim ɗin ta jijiya kamar ƙarin ruwa, galibi duk mako biyu, har iyakar rai. Cikin wata 6 zuwa shekara guda jini kan hau, saifa ta ragu da kashi 30 zuwa 50 cikin 100, yara su soma cim ma sa'o'insu a tsawo. Ƙashi ya fi jan lokaci, kuma wanda ya riga ya mutu ya mutu. Maganin ba ya iya tsallaka shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, saboda haka mai nau'i na 3 zai sami sauƙin saifa da jini amma alamomin ido da farfaɗiya su ci gaba. Babban cikas kuwa shi ne tsada: a Amurka kuɗin maganin babban mutum kan kai dala 200,000 ko fiye a shekara. Wasu kamfanonin da ke yin sa suna da shirin ba da shi kyauta ga marasa hali a ƙasashe masu tasowa, kuma Masar na cikin waɗanda suka daɗe suna cin moriyar hakan, amma ba a shiga irin wannan shiri sai da takardar gwajin da ta tabbatar da cutar. Kafin a kai ga nan, ɗalibin da saifarsa ta sauko, ko mene ne sababinta, bai kamata a sa shi kokawa ko dambe ko ƙwallon ƙafa ba, domin saifar da ta fito daga kariyar haƙarƙari bugu ɗaya na iya fasa ta.

Saura magana ɗaya game da masu ɗauke da kwafi guda. Likitocin da ke duba masu Goshe sun lura cewa cutar makyarkyata ta Parkinson tana yawan bayyana a iyaye da kakannin majinyatansu. Wani babban bincike na ƙasashe da yawa da aka buga a 2009 ya tabbatar da zargin: samun gurɓataccen GBA1 ya fi yawa kusan sau 5 a tsakanin masu Parkinson fiye da sauran jama'a, ko da yake mafi yawan masu ɗauke da shi har su tsufa ba za su yi makyarkyatar ba. A 2023 kuma wani binciken, wanda Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas tana cikin jagororinsa, kuma da yawa daga majinyatan da aka auna 'yan Nijeriya ne, ya gano wani sauyi dabam a cikin wannan saƙo na GBA1 wanda ke ƙara haɗarin Parkinson. Sauyin ya yawaita a tsakanin mutanen Afirka ta Yamma da zuriyarsu, a Turawa kuwa da ƙyar ake samunsa, kuma binciken da aka yi a baya kusan duk a kan Turawa aka yi shi.